Lemar Soja ko Lemar Kulob?

Hafsan rundunar ko-ta-kwana ta Amurka (sojojin da ake kira in buƙata ta taso), wanda ke aikin ofis daga Litinin zuwa Juma'a, yana da hanya biyu in yana son dirowa da lema daga jirgin sama.

Ta soja ita ce makarantar Fort Benning da ke Jojiya. Mako uku ne cur. Na farko a ƙasa, ana koyon faɗuwa har kafaɗa ta yi tsami. Na biyu a kan hasumiya. Na uku a diro sau 5 daga ƙafa 1,250. Igiyar da ke maƙale a jirgin ce ke buɗe lemar, kai dai haɗe ƙafafu ka ɗan lanƙwasa gwiwa. Ba ka biyan ko sisi, amma samun gurbi sai an kai ruwa rana, don ana fara bai wa waɗanda aikinsu ke buƙata.

Kulob ɗin farar hula kuwa, Asabar da Lahadi sun isa. Za ka faɗo daga wajen ƙafa 13,000, iska na dukan kumatunka, ka buɗe lemar da hannunka. Ya fi daɗi, babu musu. Sai dai aljihunka ne zai ji jiki, kuma ko sau 100 ka diro, babu mai maƙala maka bajen fukafukai, alamar sojan lema, a kaki.