Kafin ka sayi kayan gyaran kunamar ƙaramar bindiga

Yawancin masu lasisin riƙe ƙaramar bindiga da ke kukan cewa kunama ta yi tauri, ba nauyinta ne ainihin damuwarsu ba. Abin da yatsa ke ji shi ne gurzawa da kaushi, sai kuma rashin sanin daidai wurin da za ta saki. Waɗannan ana magance su ba tare da an rage nauyi ba, kuma wanda ya bambance su kafin ya fitar da kuɗi ya tsira daga sayen abin da zai mayar masa da bindiga abin tsoro a ƙugunsa.

Dalilin da ya sa ƙananan suka fi manya wannan matsala a fili yake. Glock 43 nauyinta bai wuce rabin kilo da kaɗan ba, amma jan kunamarta yana kai wa kusan kilo 2.5. Ka ga yatsa ɗaya yana matsa abin da ya ninka nauyin bindigar kusan sau biyar, ga mariƙi gajere wanda ƙaramin yatsa ba ya samun wurin zama. Duk wata 'yar gargada a cikin jan sai ta bayyana a bakin bindiga.

Jan kunama gaɓa biyar ne. Akwai tafiyar farko mara nauyi, sai inda ta tokare, sai saki, sai 'yar zarcewar da take yi bayan saki, sai dawowa har ka ji ƙas. Cire gidan harsashi, ja murfin sama baya, duba ɗakin harsashi da ido ka kuma taɓa da yatsa, fitar da harsasai daga ɗakin da kake gaba ɗaya, sannan ka ja a hankali ka lura a wace gaɓa abin yake. Idan da ma'aunin jan kunama irin na Lyman ko Wheeler, a auna sau goma daga tsakiyar kunamar a ɗauki matsakaici. Wurin da aka maƙala ma'aunin yana canza lamba sosai, domin can ƙasa kusa da baki ya fi nuna sauƙi. Shi ya sa lambar da ke jikin kwalin kaya ba ta cika dacewa da abin da za ka gani ba.

Zaɓin da ya fi araha shi ne yi wa bindigar wanka. A Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kuma mai yawan zuba mai shi ya fi shan wahala, don mai da ƙura idan sun haɗu sai su zama kamar ƙullin tuwo a kan sandar kunama. A kan Glock ɗigo ɗaya tak ake so a inda sandar ke gogar wani ɗan ƙarfe da ake kira konekta, can bayan firam, wato gangar jikin bindigar. Ramin allurar da ke dukan harsashi kuwa a bar shi a bushe ƙayau. Man da ya taru a ciki yana rage wa allura gudu, ƙarshenta ka ja ka ji ƙas babu tashi. Bindigar da ba ta daɗe da fitowa daga kwali ba kuma a yi mata haƙuri, sassanta suna sulɓi da kansu bayan 'yan ɗaruruwan ja, ko da harsashin roba na atisaye ne. Haka nan a gwada sauya bayan mariƙi idan samfurin yana zuwa da su. Yatsan da bai kai ba yana tura kunama gefe, mai shi kuma ya ɗora wa nauyi laifi.

Idan an yi duk wannan abin bai gyaru ba, sai maganar konekta, ga masu Glock. Wani ɗan ƙarfe ne lanƙwasasshe wanda kusurwarsa ke yanke yadda sandar kunama za ta sauka ta saki allura. Na asali ana lissafa shi a kan kilo 2.5, mai alamar ragi kuma wajen kilo 2. Ragin yana da farashinsa: tokarewar tana yin laushi, sakin ya zama kamar mirginawa, har wasu su kasa gane inda zai faru. Wanda yake son tokarewa bayyananniya zai iya ƙin sa duk da ya fi sauƙi. Akwai kuma sifirin kunama mai suna NY1, wanda ke ɗaga jan zuwa wajen kilo 3.5, an yi shi ne don 'yan sandan da suka saba da libarba. Wasu suna haɗa shi da konekta mai alamar ragi su sami ja mai nauyi ɗaya daga farko har ƙarshe da dawowa mai ƙarfi. Ga bindigar da ake yawo da ita a kube, wannan haɗin ya fi hankali a kan neman sauƙi zalla.

Sauya fuskar kunama kaɗai, daga lanƙwasasshiya zuwa miƙaƙƙiya, ba ya taɓa sifirin ko ɗaya. Yana ba yatsa damar sauka ƙasa kaɗan, sai jan ya zama kamar ya ragu. Inda ake samun matsala shi ne masu ɗan sukurun daidaita tafiya. Idan aka rage tafiyar farko fiye da kima, sandar tana fara danna maɓallin da ke tare allura tun kunama tana hutawa, ɗan harshen tsaro na tsakiyar kunama kuma ya daina kama firam. Daga waje komai lafiya, a ciki an kashe biyu daga cikin matakan tsaro uku. Sukurun ma yana kwancewa da jijjiga. Nauyin ƙarfen kunamar kansa abin dubawa ne: a 2017 kamfanin SIG Sauer ya buɗe shirin gyara P320 kyauta bayan an gano tana iya tashi idan ta faɗi ta wata kusurwa, kuma cikin abin da aka sauya har da sa kunama mara nauyi.

Cikakken saiti shi ne mafi tsada, kuma shi ya fi canza yadda ake ji. Apex Tactical sun yi suna a kan Smith & Wesson M&P da Shield, suna da saiti daban na bindigar aiki da na gasa, kuma na aikin shi ya dace da mai ɗauka don kare kai. Glock ma sun fitar da nasu a 2023, Performance Trigger, wanda amfaninsa shi ne daga masana'antar ya fito. A kula da zamani: kayan Glock na Gen3 da Gen4 sau da yawa ba sa shiga Gen5, sirara irin 43, 43X da 48 kuma nasu daban ne. Saitin da aka gani a intanet da rabin kuɗi, babu sunan mai ƙera shi, a bar shi inda yake. Ƙarfen da ba a gasa shi daidai ba yana cinyewa a daidai leɓen da ke riƙe allura.

Sifirin allura mara ƙarfi yana rage nauyi nan take, kuma shi ya fi jawo ƙin tashi. Masu gasa a Amurka suna amfani da shi domin suna zaɓar harsashi mai laushin hula, wato wurin da allura ke duka a gindin harsashi. A nan abin da dila ya samu shi ake saya, wani irin na soja ne mai taurin hula, wani ya daɗe a ajiye cikin zafin Maris da Afrilu. Haka abin yake ga masu guduma irin CZ 75 ko Beretta, inda jan farko ke kai wa kilo 5 ko fiye, na biyu kuma ya dawo wajen kilo 2. Rage sifirin guduma mataki ɗaya yana taimakawa, wuce nan caca ce. Tsofaffi irin Tokarev da Makarov kuwa wanka da sabon sifirin na asali ya ishe su.

Goga da zarto ko injin gurza a kan wurin kamu ba ya cikin zaɓi. Taurin waɗannan sassa a fatar sama yake, da an ci shi sai ƙarfe mai laushi ya bayyana, kusurwa ta lalace, bindiga ta fara sakin biyu a ja ɗaya ko ta tashi idan ta bugu. Maƙerin da ya iya bindigar toka ba lallai ya san wannan ba.

A Kamaru, doka mai lamba 2016/015 ta 14 ga Disamba 2016 ita ke tsara makamai da harsasai, izinin mallaka kuma yana bi ta ma'aikatar kula da harkokin cikin gida. Kafin ka yi odar ko ɗan sifirin, tambayi dila mai lasisi da ofishin gwamna ko hukumar yankinku abin da takardarka ta halatta, kada kaya su maƙale a kwastan su jawo maka tuhuma. Dillalan Amurka da dama ma ba sa aiko da sassan bindiga waje sai da lasisin fitarwa. Bindigar aiki ta jandarma, ɗan sanda ko mai gadin daji kayan gwamnati ce, ma'ajiyar makamai kaɗai ke taɓa cikinta.

Duk abin da aka sa, mai gyara mai lasisi ya sa shi, kuma ya gwada a gabanka. A kan Glock akwai rabin murfin baya mai ruwan lemo da ake leƙa kamun sanda da allura ta cikinsa, ana son kamun ya kai aƙalla kashi biyu cikin uku. A tura kunama ta gefe ba tare da danna harshen tsaro ba, kada ta wuce. A cire murfin sama a tura allura gaba, kada bakinta ya leƙo sai an danna maɓallin tare ta. A filin harbi a fara da harsashi ɗaya a gida, sannan biyu, don idan za ta saki biyu a gane da wuri. Bayan nan a harba kamar 200 na irin harsashin da za a riƙa ɗauka, ba tare da ƙin tashi ko ɗaya ba. Bindigar kube kada janta ya sauka ƙasa da kilo 2, tsofaffin sassan kuma a adana su a leda da sunan samfurin a jiki, domin kamfani ba ya ɗaukar garanti a kan bindigar da aka sa wa kayan wani.