Kafin ku sayi kayan kwashe shara a bakin tekun Legas

Duk ƙungiyar matasa daga Agege ko Idi-Araba da ta yi niyyar kwashe shara a Tarkwa Bay, Ilashe ko Ibeshe, tambayar farko ita ce: ta ina sharar za ta fita? Mota ba ta zuwa waɗannan wurare, sai jirgin ruwa. Wanda ya tara buhu ɗari a rairayi ba tare da jirgin ɗauka ba, teku ya yi wa aiki, domin ruwa zai cika ya dawo ya kwashe abinsa. Saboda haka a fara ciniki daga jirgi, sauran kaya su biyo baya.

Jirgi iri biyu za ku tarar. Akwai ƙaramin na faiba mai gudu, wanda ke jigilar fasinja daga tashar CMS ko ta Falomo. Yana da kyau wajen kai mutane, amma mai shi ba zai so jiƙaƙƙen buhu mai wari a kan kujerunsa ba, ko ya yarda ma ba zai ɗauki abin kirki ba. Akwai kuma babban kwale-kwalen katako mai inji, na masu dakon kaya. Tafiyarsa a hankali take, amma shi ne jakin aikin. Idan kuɗi ya isa, a ɗauki biyun: faiba ya kai 'yan sa-kai, katako ya dawo da shara. Idan bai isa ba, ni katako zan zaɓa, a rage yawan mutane. A yi magana da mai jirgi a kan shata ta yini guda, a tabbatar kuɗin mai yana ciki, kuma kowa ya samu rigar kariya daga nutsewa, wadda LASWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Legas, ta wajabta. A dawo tun da sauran rana.

Sai abin zuba shara. Baƙar leda ta fi araha, kuma ita ce babbar asara: fasasshiyar kwalba ɗaya ta isa ta farke ta, ga shi kun ƙara wata ledar a bakin teku. Tsohon buhun shinkafa ko na masara ya fi ta nesa ba kusa ba. Ruwa yana tsiyayewa ta saƙarsa, yana jure ja a ƙasa, ana wankewa a sake amfani da shi, kuma a Mile 12 ko kowace kasuwar hatsi za a samu da sauƙi. Babban buhun nan na tan guda yana burge ido, sai dai in ya cika da jiƙaƙƙen kaya ko ƙarti shida ba sa ɗaga shi. A bar wa masu kirane.

Safar hannu kuwa, kada a sayi ta asibiti. Kafin a cika buhu ɗaya ta yage. Ta zane mai roba a tafin hannu ita ce daidai ga yawancin mutane. A ƙara 'yan ƙafa kaɗan na fata, irin ta masu walda, ga waɗanda za su taɓa kwalba da ƙarfe. Sirinji da allura suna zuwa da ruwa, don haka a tanadi jarka mai murfi dominsu kawai. Mai silifas kuma ya tsaya wajen rajista.

Baro? Tayarsa nutsewa take a rairayi. Tampol mai kauri da igiya ya fi shi: a jibga buhuna a kai, mutum biyu su ja. Manjagara biyu ko uku sun isa, da wuƙa mai kaifi don yanke tsohuwar komar masunta da ta binne, wadda ita ce ta fi komai cin ƙarfi.

Abin da ake yawan mantawa shi ne sikelin ratayawa. Da shi za ku san nauyin da jirgi zai ɗauka, da shi kuma za ku yi ciniki. Gorunan ruwa da gwangwanin lemo kuɗi ne, 'yan uwanmu masu sana'ar bola sun fi kowa sanin farashin kilo, a kira ɗaya ya jira a bakin tasha. Farar robar zuba abinci, wadda gwamnatin Legas ta haramta a Janairun 2024, ba mai sayenta. Ita da sauran tarkace sai a shirya da LAWMA, hukumar kwashe shara ta Legas, tun kafin ranar. Wannan ya sa rarraba shara tun a rairayi ya fi, a ɗaura wa buhunan sayarwa jan ƙyalle.

Idan kuna son aikinku ya shiga lissafin duniya, ku saka ranar a Satumba, lokacin gangamin tsaftace bakin teku da ƙungiyar kare teku ta Ocean Conservancy ke shiryawa tun 1986. Manhajarsu ta Clean Swell kyauta ce, a ba mutum ɗaya waya ya riƙa ƙirga sharar da ita, wayar kuma a saka ta cikin jakar da ruwa ba ya shiga.