Shagon mai renon tsirrai ko babbar kasuwar intanet: ina ya fi dacewa a sayi shuka?

'Yar'uwa, kin tambaya ko wanne ne ya fi biya wa mai saye buƙata tsakanin shagon intanet na mutumin da yake renon tsirrai da hannunsa da kuma manyan kasuwannin intanet irin su Amazon da eBay da Etsy, inda dubban 'yan kasuwa suke baje kolinsu a wuri guda. Amsar ta dogara ne a kan abin da za a saya, domin shuka abu ce mai rai wadda take jin ƙishi da zafi da duhu, kuma shagon da zai yi wa mai saye amfani shi ne wanda ya san wannan ya kuma ɗauki nauyinsa tun daga bayanin da ya rubuta har zuwa makonnin da suka biyo bayan isar kaya.

An ce gani ya kori ji, to amma mai saye ta intanet ba ya gani, don haka bayani shi ne idonsa. Shagon mai reno yakan rubuta sunan tsiron na kimiyya, wato tsarin suna biyu da masanin tsirrai Carl Linnaeus ya kafa a 1753, saboda tsirrai daban-daban sukan yi tarayya a sunan gida guda. Yakan faɗi girman tukunyar da tsayin dashen a ranar da za a aiko shi, da yawan rana da ruwan da yake buƙata, da kuma ko ɗan aure ne ko daga ƙwallo aka tayar da shi. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin mangwaro mai aure kan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4 kuma ya yi kama da uwarsa, alhali na ƙwallo kan daɗe fiye da haka. A Amurka shaguna na ƙwarai suna nuna yankin da kowane tsiro zai jure sanyinsa bisa taswira mai shiyya 13 ta ma'aikatar noma ta ƙasar, wadda aka sabunta a 2023. A babbar kasuwa kuwa, sau da yawa hoton bishiyar da ta cika ta batse ake gani, abin da zai iso kuma bai wuce tsawon yatsa ba. A can ne kuma ake tallata irin furen wardi mai launin shuɗi ko mai launukan bakan gizo, alhali babu irin da zai fitar da wannan.

Bambanci mafi girma a wurina yana wajen ɗauri da jigila. Tsiron da aka rufe cikin kwali ya rabu da haske, yana cin abincin da ya tara, kuma kowace rana da ta ƙaru a hanya tana rage masa ƙarfi. Mai reno ya san yadda ake shayar da shi daidai gwargwado kafin tafiya, domin ƙasa mai jagab tana ruɓar da saiwa, busasshiya kuma tana sa ganye ya yanƙwane. Yakan ɗaure bakin tukunyar don kada ƙasa ta zube, ya kafe ta a cikin kwalin yadda ko an kifa shi reshe ba zai karye ba, ya kuma aika a farkon mako don kada kaya su kwana a rumbun ajiya ranakun hutu. Abin da ya fi burge ni shi ne yakan iya cewa ba zai aika yanzu ba, a jira zafi ko sanyi ya sassauta, kuma bishiyoyin da ake sayarwa da saiwa tsirara ba ya tura su sai lokacin da suka zubar da ganye suna hutu. Babbar kasuwa a kan sauri aka gina ta, kuma dillalin da bai taɓa ganin tsiron da ido ba ba shi da dalilin jinkirta ciniki saboda yanayi.

Akwai kuma batun cuta da doka, wanda masu saye da yawa ba sa tunawa sai kayansu sun maƙale a hannun jami'an kan iyaka. Tun daga yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya ta 1951, ƙasashe suna neman takardar shaidar lafiyar tsiro kafin ya ƙetara iyaka, Tarayyar Turai kuma ta tsaurara tsarin fasfon tsirrai, wato takardar da ke raka tsiro tana nuna asalinsa da lafiyarsa, daga 14 ga Disamba 2019. Ba a banza aka yi haka ba, domin ƙwayar cutar Xylella da aka gano a yankin Puglia na Italiya a 2013 ta kashe miliyoyin itatuwan zaitun. Haka kuma yarjejeniyar CITES ta 1973, mai kare dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta sa ido a kan cinikin tsirrai da yawa da ake tonowa daga daji. A 2020, bayan mutane a Amurka sun riƙa samun ƙunshin iri daga Sin ba tare da sun yi oda ba, Amazon ta hana sayar da iri daga waje zuwa Amurka. Shagon da ya san aikinsa zai gaya miki tun farko inda ba ya aikawa.

Babbar kasuwa tana da nata fifikon, kuma ba zan tauye mata shi ba. Wajen tukwane da almakashin yanke reshe da tiyon ban ruwa, ta fi sauƙin kwatanta kaya, kuma tana riƙe da tsarin mayar da kuɗi wanda ƙaramin shago ba lallai ya samu ba. Shi kuma ƙaramin mai reno kayansa kan ƙare da wuri, wani lokacin kuma yakan yi jinkirin amsa saƙo. Sai dai a lura cewa yawancin yabon masu saye a ranar buɗe kwali ake rubuta shi, alhali iri ba ya nuna gaskiyarsa sai ya tsiro, bishiya kuma sai ta yi 'ya'ya, lokacin da wa'adin ƙorafi ya daɗe da wucewa. Saboda haka sharhin wanda ya dawo bayan wata shida ya fi taurari biyar na rana guda nauyi.

Shawarata ita ce ki sayi kayan aiki inda kika ga sauƙi, amma abu mai rai ki saye shi wajen mai reno, ko da a cikin babbar kasuwar ya buɗe rumfa, domin akwai irinsu a can. Za ki gane shi idan kika nemi hoton ainihin dashen da saiwarsa, kika tambayi shekarar da aka tara irin (na albasa, alal misali, ba ya wuce shekara ɗaya zuwa biyu da ƙarfinsa), kika kuma karanta kwana nawa ya ba da na sauya tsiron da ya mutu. Idan kaya sun iso, ki ɗauki hoto nan take, ki ajiye tsiron a inuwa nesa da sauran shukokinki na mako biyu kina duba ƙarƙashin ganye ko akwai ƙwari, kafin ki dasa shi.