Sharhi: Na sha terbinafine don cutar farcen ƙafa, ga abin da mai ciwon suga ya kamata ya sani

Duk mai ciwon suga da ya tambaye ni ko ƙwayar terbinafine ta cancanci a sha ta don cutar farce, zan ce masa ta cancanta, matuƙar likita ne ya rubuta, kuma an duba lafiyar hanta kafin a fara. Na sha ƙwayar, na shafa man terbinafine, kafin su kuma na yi amfani da amorolfine, wanda ake shafa wa farce kamar jan farce. Ukun ba su yi mini aiki iri ɗaya ba.

Ciwon suga nau'i na biyu gare ni, kuma na daɗe da shi. Matsalar ta faro ne daga cin ruwa a tsakanin yatsun ƙafa: fata ta yi fari fat, tana saɓulewa, ga ƙaiƙayi. Daga nan ta haura farcen babban yatsa, ya koma rawaya, ya yi kauri, bakinsa yana marmashewa, har abin yanke farce ya daina kama shi. Galibi wata ƙwayar fangas mai suna Trichophyton rubrum ce ke haddasa wannan, kuma mu masu suga mun fi sauran jama'a kamuwa, ninki biyu ko fiye. Suga idan ya yi yawa a jini yana raunana garkuwar jiki, jini ba ya isa ƙafa yadda ya kamata, ga kuma jijiyoyin da suka yi sanyi har mutum bai jin abin da ke faruwa a ƙafarsa.

Da amorolfine mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 likita ya fara, tunda ba ya shiga jini sosai. Ana goge saman farce, a tsabtace, a shafa sau ɗaya ko biyu a mako, na tsawon wata 9 zuwa 12 idan farcen ƙafa ne. Amfani da shi ba wuya, amma an yi shi ne don farcen da cutar ta taɓa bakinsa kawai. Nawa ta riga ta kai gindi, don haka ban ga canji ba. Gogewar nan ma ba ta kwanta mini a rai ba, domin wanda ƙafarsa ba ta jin taɓi sosai zai iya kankare fatarsa bai sani ba.

Kafin a koma ƙwaya sai da aka yanki ɗan guntun farcen aka kai ɗakin gwaji. Na yaba da wannan ƙwarai, domin kusan rabin faratan da suka lalace ba fangas ne ya lalata su ba. Matsewar takalmi, buguwa, ko cutar fata ta soriyasis duk suna iya mayar da farce haka. Babu dalilin da zai sa mutum ya ɗora wa hantarsa magani wata uku a kan cutar da ba shi da ita.

Ƙa'idar ƙwayar ita ce miligiram 250 sau ɗaya a rana, mako 12 ga farcen ƙafa, mako 6 ga na hannu. Aikinta shi ne hana fangas ƙera wani sinadari mai suna ergosterol, wanda da shi yake gina fatar jikinsa, kuma tana zama a cikin farce watanni bayan an daina sha. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne dalilin da ya sa aka zaɓa mini ita. Ina shan magungunan suga glimepiride tare da metformin. Wasu magungunan fangas, musamman fluconazole, suna hana jiki fitar da glimepiride da danginsa a kan lokaci, sai suga ya faɗi ƙasa warwas. Itraconazole kuma ba a son ba wa mai ciwon gazawar zuciya. Terbinafine ba ta da wannan rikicin da maganin suga, ko da yake tana da nata da wasu magungunan damuwa da na bugun zuciya irin su metoprolol. Saboda haka a tattara duk abin da ake sha a nuna wa likita, har da na gargajiya.

A makonnin farko cikina ya ɗan ɓaci, marmarin abinci ya ragu, sai ciwon kai jefi-jefi. Ga wani wannan ƙaramin abu ne. Ga mai shan maganin rage suga kuwa, rashin cin abinci yadda aka saba na iya jawo faɗuwar suga, don haka na ƙara yawan aunawa har cikin ya daidaita. Shan ƙwayar bayan cin abinci ya taimaka mini. An gargaɗe ni cewa idan ɗanɗano ya ɗauke, ko ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, tashin zuciya ya ƙi tsayawa, ko ƙuraje suka feso, in dakata nan take in koma asibiti. Alhamdulillahi ban ga ko ɗaya ba, gwajin hantar da aka maimaita ma ya fito lafiya.

Inda mutane da yawa ke karaya shi ne ranar da ƙwayar ta ƙare. Farcen yana nan da muninsa, sai dai wani siririn layi mai tsabta a gindinsa. Maganin ba ya gyara tsohon farce, sabon da ke tsirowa yake karewa. Farcen ƙafa kuwa bai fi milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi yake tsawo a wata ba, kuma kafin ya sabunta gaba ɗaya yakan ɗauki wata 12 zuwa 18. A gwaje-gwajen da aka yi kafin Amurka ta amince da ƙwayar a 1996, fangas ya mutu a faratan ƙafa na kimanin kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka sha, amma waɗanda farcensu ya koma garau kamar da kashi 38 ne kacal. Ni ina tsakiya: farcen ya yi siriri, ya kwanta, yana yankuwa, amma gefe ɗaya bai koma launinsa ba. Hakan ya ishe ni, domin ya daina sukar yatsan da ke kusa da shi, ya daina tokarar takalmi. Wannan sukar ce nake tsoro tun farko, don daga irinta gyambon ƙafa ke farawa.

Man terbinafine mai kashi 1 cikin 100 shi ne ya fi burge ni da sauri. Cin ruwa tsakanin yatsu yakan warke da shi cikin mako ɗaya zuwa biyu, haka kuma ya yi mini. Kada a raina wannan tsagewar fatar, ta nan ƙwayoyin bakteriya ke shiga, ƙafa ta kumbura ta yi ja. Ina roƙon 'yan uwa masu suga su guji mayukan da aka haɗa da sitiroyid irin betamethasone sai da umarnin likita. Suna kashe ƙaiƙayi nan da nan, amma suna ɓoye cutar tana ci gaba da yaɗuwa. Jan da ke fitowa a matse-matsi, hammata ko ƙarƙashin mama kuma sau da yawa wani fangas ne daban mai suna Candida, wanda akan yi wa magani da clotrimazole, kuma masu shan maganin suga na dapagliflozin ko empagliflozin sun fi samunsa a al'aura.

Bayan warkewa ma tsugune ba ta ƙare ba, domin cutar tana yawan dawowa, musamman idan suga bai sauka ba. Yanzu ina tsane tsakanin yatsuna sosai bayan wanka, ina sauya safa kullum in wanke ta da ruwan zafi, ba na sa takalmi ɗaya kwana biyu a jere, kuma ma'aikaciyar jinya ce ke rage mini farce idan ya yi kauri. Mai ciwon hanta, mai juna biyu da mai shayarwa ba su ne masu wannan ƙwayar ba, mai ciwon ƙoda kuma sai likita ya auna. Idan kuwa yatsa ya yi ja, ya ɗauki zafi, ya fara fitar da mugunya ko ya yi baƙi, a ajiye man shafawa a tafi asibiti a ranar.