Maginin da ya ƙi yi mini zanen Faransa a fuskar zaure

Daminar bara ta wanke fuskar zaurenmu a unguwar Birni ta Damagaram, har tubali ya fito fili. Aka haɗa ni da wani dattijon magini daga unguwar Zango wanda ya gaji zanen bango a wurin mahaifinsa. Mun yi da shi mako biyu, ya cinye mako huɗu.

Ranar da ya zo duba bango, ɗana mai karatun zanen gine-gine a Yamai ya fito da takardun da ya bugo daga intanet. Zanen ado ne na Meissonnier, maƙerin zinariya kuma mai yi wa sarkin Faransa Luwi na 15 zane, irin waɗanda aka buga a Paris wajen 1734. Salon ana ce masa rokayi: ganye, katantanwar teku, lanƙwasa kan lanƙwasa, kuma da gangan ake hana dama ta yi kama da hagu. Yaron ya so a ɗora mana irinsa a saman ƙofa.

Dattijon ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya ce, "Yaro, ina kansa, ina gindinsa?" Sai ya ɗora yatsa a kan katantanwar. "Wannan wuri ne? To mai gidan yana shaida wa masu wucewa cewa yana da kuɗi." Ban ga laifinsa ba, don da kuɗin wuri kakanninmu suka ci kasuwa a Damagaram. Ɗana ya ce a wurin Turawa katantanwa ruwa take nunawa, da gunkiyarsu ta soyayya, haka ma kwari da baka idan an haɗa su da wutar yula. Dattijon ya yi dariya har hula ta karkace. "A nan in ka sa kwari da baka a bango, kowa zai ce maharbi ne a ciki."

Ƙememe ya ƙi, kuma hujjarsa ta kama ni. Ya ce wannan siririn lanƙwasa na azurfa ne da sassaƙen katako a cikin ɗaki. In aka yi shi da laka a waje, ruwan farko zai ci bakinsa. Ya ƙara da cewa, "Malam, fuskar gida da unguwa take magana. Me za ka gaya musu da harshen da ba sa ji?"

Dagi ya ɗora a saman ƙofa, allo a kowane gefe tunda gidan malamai ne, sai wata da tauraro can sama. Na zauna na kalli yadda yake tayar da dagin. Yana murza laka kamar igiya, ya manna ta a ɗanyen yaɓe, ya jiƙa bayan cokali ya bi ta a hankali. Inda layi ya haye wani sai ya danne na ƙasan da babban yatsa, har ido ya yarda saƙa ce. Daga takardar ɗana abu ɗaya ya ara, wata lanƙwasa mai kai biyu, ya jera ta a gefen ƙofa, amma sai da ya daidaita dama da hagu. Ya gyara zankwaye, ya shafe komai da makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa.

Inda ya ɓata mini rai: mun shirya a kan jika 150, ana tsakiyar aiki ya ce kuɗin makuba daban ne, na ƙara 20. Yaransa sun fantsama wa ƙyauren ƙofa makuba, har yau tabon na nan. Indararo ɗaya kuma ya yi gajere, ruwa na bin bango. Sau uku na aika kafin ya zo ya sauya. Duk wanda zai ɗauke shi ya rubuta komai a takarda tun farko, kada kuma ya ba da fiye da rabi kafin a gama aikin.

Damina ɗaya ta wuce a kan zanen, ko tsagewa babu. Ɗana har yanzu rokayi yake kiran lanƙwasar gefen ƙofa, yaran unguwa kuwa sun raɗa mata wutsiyar kunama.