Flightradar24 ta sa na gane farin layin nan da jirgi ke bari a sama

Wata uku kenan da na sauke Flightradar24, manhajar da ke nuna jiragen sama a kan taswira, a wayata, kuma gaskiya ban yi nadama ba. Dalilin saukewar ma farin layin nan ne da jirgi ke ja a bayansa, tun ina yaro na ɗauka hayaƙi ne, ashe gajimare ne na ƙanƙara. Injin yana fitar da tururin ruwa haɗe da ƙurar toka, can sama kuwa sanyi yakan kai digiri 40 ƙasa da sifili ko ma fi, nan take tururin zai daskare.

Manhajar ba wuyar amfani, ka danna jirgin a taswira kawai ta nuna maka samfurinsa da inda ya taso da inda za shi, har da tsayin da yake. Ranar wata Asabar da yamma na ga jirage biyu sun wuce kusan tare, ɗaya yana ƙafa 37,000 ya bar layi dogo wanda ya yi ta bajewa har ya zama siririn gajimare ya fi awa bai watse ba, ɗayan yana ƙasa da shi sosai ko alama bai bari ba. Bambancin kawai danshi da sanyin iskar da kowanne ya ratsa.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan gajimaren yana tare zafin da ƙasa ke fitarwa, musamman da dare da ba ranar da zai kare. Jirage suna fitar da kusan kashi 2.5 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya, amma rabonsu a ɗumamar yanayi ya kai wajen 3.5 in aka haɗa da waɗannan layukan da sauransu. A 2023 Google da kamfanin jirage na American Airlines sun gwada sauya tsayin jirgi a tafiye-tafiye 70, layukan suka ragu da kashi 54, man da aka ƙara ƙonawa kuma kusan kashi 2 ne kacal.

Manhajar ta kyauta ma ta ishe ni, akwai talla amma ba ya hana komai. Da za su ƙara wata alama mai nuna jirgin da ke ratsa iska mai danshin nan a kan taswirar, wallahi da na biya kuɗin shekara ban ko yi tunani ba.