Sake zama GMAT ko komawa GRE?

Ɗan'uwa, ka ce maki 555 ka samu a GMAT, jarrabawar neman shiga karatun MBA (digiri na biyu a harkar kasuwanci), makarantun MBA da kake hange kuma sun fi ƙarfin wannan makin, shi ne kake tambaya ko ka sake zama ko ka koma GRE, wata jarrabawar da makarantun ke karɓa a madadinta. Kafin komai, duba da wane ma'auni kake auna kanka. Tun da aka sauya GMAT a ƙarshen 2023 maki ya koma tsakanin 205 da 805, kuma 645 na yanzu kusan daidai yake da 700 na da. Mutane da yawa suna karaya ne saboda suna kwatanta sabon maki da tsohon.

GMAT sashe uku ce, kowane minti 45: lissafi tambaya 21, Turanci 23, nazarin bayanai da jadawali 20. A sashen lissafi ba a ba ka kalkuleta, kuma wahalar kowace tambaya tana bin yadda ka amsa ta baya. Amsa uku kacal za ka iya gyarawa a kowane sashe. Nan ne lokaci yake cinye mutane. Kana iya sake zama bayan kwana 16, amma kada ka yi gaggawa. Buɗe rahoton da GMAC, hukumar da ke shirya GMAT, ta aiko maka, zai nuna maka inda ka zube da irin tambayoyin da suka ci maka lokaci.

GRE, wadda hukumar ETS ke shiryawa, ba ta kai awa biyu ba tun watan Satumba na 2023. Akwai kalkuleta a kan allo, kana iya tsallake tambaya ka dawo mata cikin sashen. Sai dai tana da nata nauyin: rubutun insha'i na minti 30, lissafin siffofi da kusurwoyi wanda GMAT ta cire, ga kalmomin Turanci masu wuya da sai an haddace su. Tazarar sake zama kwana 21 ce. Makarantun kasuwanci na Harvard, Wharton da INSEAD duk suna karɓar kowacce, makin kuma yana aiki shekara biyar.

Ni a ganina, idan nazarin bayanai ne ya kayar da kai, ko ƙarancin lokaci, tsaya kan GMAT. Ka riga ka san halinta, watannin da ka yi kana karatu ba za su tafi a banza ba. Idan kuwa lissafin ka ba kalkuleta ne yake rikita ka, Turancinka kuma yana da ƙarfi, GRE za ta fi yi maka sauƙi. Abin da nake jin tsoro shi ne ka canza don ɓacin rai kawai. ETS tana da jarrabawar gwaji kyauta mai suna PowerPrep. Ka zauna ka yi ta da agogo a gabanka, ranar Asabar in hali ya yi, sannan ka turo mana makin da ka samu a lissafi da na Turanci.